Tsibiran Galapagos: Inda Namun Daji Ba Sa Gudun Mutum

Tsibiran Galapagos suna cikin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado wadda ta mallake su tun 1832, kuma dukkansu duwatsu ne masu aman wuta, wato narkakken dutse ne ya yi ta ɓulɓulowa daga ƙasan teku yana daskarewa har ya leƙo saman ruwa. Tsibiran gabas, irin su San Cristobal, sun tsufa sun lafa, na yamma kuwa da sauran zafinsu, domin dutsen Wolf na tsibirin Isabela ya yi aman wuta a 2022, na Fernandina kuma a 2024. Da yake tsibiran ba su taɓa haɗuwa da babbar ƙasa ba, duk wata halitta da ke kansu ko dai fiffike ya kai ta, ko iyo, ko kuma ta maƙale a kan gungumen da igiyar ruwa ta janyo, kuma manyan namun dawa masu farauta, dangin kura da damisa, ba su iya wannan ƙetarawa ba.

Daga nan ne abin da ke jan baƙi ya samo asali, domin dabbar da ta yi zamani bayan zamani ba a bi ta da gudu ba, ba ta san tsoro ba. Akwai kunkuru wanda nauyinsa kan haura kilo 200, ya kuma rayu fiye da shekara 100, wanda daga sunansa na harshen Sifaniya tsibiran suka sami suna. Akwai wani baƙin ƙadangare mai siffar damo da ke nutso cikin teku yana kiwon gansakuka, ya fito ya baje a kan dutse yana shan hantsi, yana atishawa domin fitar da gishirin da ya haɗiya, har gishirin ya bushe masa fari a ka. Akwai tsuntsu mai shuɗin ƙafa wanda namijinsa ke ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a gaban mace idan yana neman ta, ba ruwansa da mutanen da suka tsaya kallo. Har tsuntsun fengwin, wanda aka fi sani da ƙasashen ƙanƙara, yana zaune a nan kan layin da ya raba duniya biyu, saboda igiyoyin ruwa masu sanyi da ke ratsa yankin.

Mutumin ƙasar Hausa, kamar na Karaye ko Rogo, ba baƙo ba ne ga irin wannan zama, idan ya tuna da shamuwa, wadda kan iso da ƙaratowar damina ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, a saman kan jama'a, saboda al'ada ta hana a taɓa ta. Bambancin shi ne amincewar shamuwa mutane ne suka gina ta da kawaici, ta Galapagos kuwa rashin sani ce, shi ya sa ta zama wa namun can bala'i tun bayan da Tomas de Berlanga, limamin Kirista na Panama, ya faɗa tsibiran bisa kuskure a 1535. Matuƙa jiragen farautar manyan kifayen teku sun riƙa kwasar kunkuru suna jibgewa a cikin jirgi, tun da yana iya yin watanni bai ci ba bai sha ba, ya zama guzurin nama da ba ya ruɓa. Charles Darwin, wanda ya yi mako biyar a can cikin 1835 kafin ya rubuta ra'ayinsa kan sauyawar halittu, shi ma ya ci naman. Awakin da aka saki kuwa sun fi mafarauta ɓarna, domin sun cinye ciyawar kunkuru ƙurmus, har sai da aka kashe fiye da 140,000 tsakanin 1997 da 2006, ana ɗaura wa wasu na'urar bin sawu a wuya domin su kai maharba inda garke yake. Kunkuru na ƙarshe daga irin na tsibirin Pinta ya mutu a 2012.

Ekwado ta mayar da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun daji a 1959, hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, sannan aka kange tekun da ke kewaye a 1998. A ƙarƙashin wannan tsari jirgin ruwa shi ne masauki kuma shi ne takunkumi. Baƙo kan sauka ta jirgin sama a Baltra ko San Cristobal, ya shiga jirgin ruwan da doka ta hana ya ɗauki fiye da mutum 100, wanda ke tafiya da dare ya wayi gari a sabon tsibiri, inda ƙaramin kwale-kwale mai inji zai kai fasinjoji gaɓa. Kowane rukuni ba ya wuce mutum 16 tare da ɗan jagora mai lasisi, ba a sauka daga turbar da aka shata, ba a matsa wa dabba ƙasa da mita 2, ba a ba ta abinci, kuma ana binciken kaya domin kada ƙwayar iri ko ƙwaro su tsallaka. Tsari ne mai kyau, amma yana da kafa, domin an ƙayyade jirage ba a ƙayyade masu kwana a otal-otal na garin Puerto Ayora ba, ga shi baƙi sun haura 300,000 a 2023, abin da ya sa aka ninka kuɗin shiga daga dala 100 zuwa 200 a 2024.

Ga mutumin Karaye, ruwa mafi kusa da za a gwada yanayin Galapagos a kansa shi ne tafkin madatsar Challawa da ke ƙaramar hukumar Karaye, wadda aka kammala a 1992 domin noman rani da ruwan sha. Tafkin sabon mazauni ne kamar tsibiri, ko da yake hannun mutum ne ya yi shi, kuma wanda ya bi masunta a kwale-kwale da sanyin safiya zai ga irin tsuntsayen da babban ruwa ke tarawa a ƙasar Hausa, zalɓe a tsaye cikin ruwa da balbela a bayan shanun da suka zo shan ruwa. Sai dai tsuntsun nan ya san danƙo da tarko, don haka tazarar da zai yarda a matso masa ta fi mita 2 nesa ba kusa ba. Matsalar baƙon iri, irin ta awakin Galapagos, ita ma tana da 'yar'uwa a kogin da ke ƙasan madatsar, domin tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke malala, ciyawar kacala ta toshe magudanai a fadamun Hadeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke zuwa cin rani, kuma masunta da manoman can sun shafe shekaru suna sarar ta da hannu.