Haƙƙin Mallaka da Haƙƙin Ɗalibi: Yadda Aka Halatta Kwafe Tsarin MINIX a Jami'o'i

Gabatarwa

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, tana da wani babban tsari na umarni wanda yake gudanar da ita. Shi ne mai raba lokacin na'urar tsakanin ayyuka, shi ne mai tsare ma'ajiyarta, shi ne kuma mai shiga tsakanin mutum da ƙarfe. Ana kiransa tsarin gudanarwa. Ɗan Adam ne yake rubuta shi layi bayan layi, sa'an nan a juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai take ganewa. Wannan rubutu na asali shi ne matanin tsarin. Ɗalibin da bai taɓa ganin matani ba, tamkar mai koyon kanikanci ne da aka hana shi buɗe kan mota. Sai dai matani dukiya ne, yana da mai shi, doka kuma tana kare shi. To, ta wace hanya malami zai miƙa wa ɗalibansa kwafinsa ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba?

Ƙofar da aka buɗe, aka kuma rufe

Tsarin Unix ya samo asali ne a 1969, a ɗakunan bincike na Bell, mallakar kamfanin tarho na AT&T a Amurka. Wata yarjejeniya da kamfanin ya ƙulla da gwamnati a 1956 ta taƙaita masa shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba. Saboda haka ya riƙa bai wa jami'o'i lasin Unix a kan kuɗi kaɗan, haɗe da mataninsa.

A Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, wani malami mai suna John Lions ya ɗauki fitowa ta shida ta Unix, wadda zuciyarta ba ta kai layi 10,000 ba, ya yi mata sharhi filla-filla domin ɗalibansa. Aikin ya fito cikin littafi a 1977, matani daban, sharhi daban. Amma sa'ad da fitowa ta bakwai ta zo a 1979, kamfanin ya riga ya fahimci darajar abin da yake hannunsa, sai sabon lasin ya haramta karantar da matanin a aji. Jami'o'i da dama suka koma koyar da ƙa'idoji zalla. Littafin Lions kuwa ya ci gaba da yawo a ɓoye, ana ɗaukar hotonsa daga kwafi zuwa kwafi har rubutun ya dushe. Ba a sami izinin buga shi ga jama'a ba sai a 1996. Shekara da shekaru ke nan ɗalibai suna shan ilmi ta ɓarauniyar hanya.

Dabarar Tanenbaum

Farfesa Andrew Tanenbaum, Ba'amurke mai koyarwa a Jami'ar Vrije ta birnin Amstadam a ƙasar Holan, ya ga cewa mafita ɗaya ce: a rubuta sabon tsari daga tushe, mai aiki irin na Unix, amma babu ko layi ɗaya na AT&T a cikinsa. Dalili kuwa shi ne, haƙƙin mallaka yana kare rubutu ne, ba ya hana wani ya rubuta nasa da zai yi aiki iri ɗaya. A 1987 ya fitar da MINIX, tare da littafin da yake bayaninsa, wanda kamfanin ɗab'i na Prentice Hall ya buga. Matanin, kimanin layi 12,000, an buga shi a ƙarshen littafin. An yi shi ƙarami da gangan, yadda ɗalibi zai iya karance shi cikin zango ɗaya, ya kuma ɗora shi a kan ƙaramar na'urar IBM PC.

MINIX bai zama na kyauta ba a lokacin. Kamfanin ɗab'in ne yake sayar da faya-fayansa. A farkon 1992 farashinsa dala 169 ne. Amma kamar yadda Tanenbaum ya bayyana a wannan shekara, lasin ya yarje wa mai saye ya yi kwafi biyu na ajiya, ya kuma yarje wa malaman jami'a su kwafa wa ɗalibansu iya adadin da suke so. A nan ne hikimar take. Sashe ɗaya na jami'a zai sayi faya-fayai sau ɗaya, aji guda ya wadatu, kowane ɗalibi ya tafi da nasa gida, ba wanda ya karya doka. Mawallafi ya sami ladan guminsa, maɗaba'a ta mai da kuɗinta, ɗalibi kuma ya huta da ɓoye-ɓoye.

Inda gizo ya yi saƙa

Duk da haka, izinin kwafewa daban ne da izinin gyarawa a rarraba. Ɗalibi yana iya sauya matanin a kan na'urarsa, amma ba shi da ikon raba wa duniya cikakken tsarin da ya gyara. Masu ƙwazo sai suka riƙa aika wa juna jerin gyare-gyare kawai, kowa ya liƙa a jikin kwafin da ya saya. Har ila yau, Tanenbaum ya ƙi karɓar ƙare-ƙare masu yawa, domin kada tsarin ya kumbura ya fi ƙarfin ɗalibi.

Daga cikin waɗanda wannan iyaka ta matsa akwai Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Ya karanta littafin, ya sayi MINIX a 1991, a kansa kuma ya fara rubuta tasa zuciyar tsarin, wadda aka sanya wa suna Linux. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin lasin GPL, wanda ya ba kowa ikon kwafewa da gyarawa da rarrabawa, bisa sharaɗin duk wanda ya raba ya haɗa da matani. Cikin 'yan shekaru Linux ya yi wa MINIX fintinkau wajen yaɗuwa. Sai a watan Afrilu na 2000 aka saki MINIX ƙarƙashin lasin BSD mai sassauci. A 2006 kuma malaman cibiyar MIT ta Amurka suka rubuta xv6, wanda ya bi fasalin fitowa ta shida ta Unix, suka sake shi kyauta tun daga ranar farko.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa lasin yana amsa tambayoyi uku mabambanta: wa zai karanta matani, wa zai kwafa, wa zai gyara ya miƙa wa wani. Lasin 1979 ya toshe wa ɗalibi dukansu. Na MINIX ya buɗe biyu, na uku kuwa ya jira shekara 13. Saboda haka ya wajaba ga malamin da zai zaɓi abin koyarwa, da ma'aikacin da zai sa hannu a takardar sayen kayan jami'a, su karanta sharuɗɗan lasin kafin su dubi farashi. Tsarin da aka samu da araha amma aka hana ɗalibi tafiya da shi gida, ya fi tsada a kan wanda aka biya sau ɗaya aji duka ya amfana.