Tagwayen Haruffa a Fuskar Tsabar Kuɗi

A cikin shekarar 1955, a gidan buga kuɗi na birnin Filadelfiya ta ƙasar Amurka, aka ɗaura wani hatimi a injin da ke buga santi, watau ɗan ƙaramin kuɗin tagullar nan mai ɗauke da surar Shugaba Linkon, ba a kuwa farga da aibin da ke jikinsa ba sai da ya buga kimanin guda 40,000. Ko da aka duba, sai ga lambobin shekara da kalmar LIBERTY da taken da ke saman kuɗin duk sun fito biyu-biyu, ƙuru-ƙuru, yadda ko mai raunin gani ba ya bukatar tabarau. Fiye da 20,000 daga cikinsu sun riga sun gauraya da miliyoyin lafiyayyu, saboda haka mahukuntan gidan, da suka auna hasarar narkar da tarin baki ɗaya, sai suka lalata waɗanda ba su gauraya ba, suka saki sauran. Galibinsu a jihohin Masacusets da Niyok suka ɓulla, da yawa kuma a cikin kwalin taba, domin a zamanin ana sayar da kwali santi 23 a injin da ba ya ba da canji, sai a cusa santi biyu a marufin kwalin don wanda ya jefa 25. Yau ko wanda ya sha hannu ya goge, kuɗinsa ya haura dala 1,000.

Tun daga sannan ma'abuta tara tsabar kuɗi suka shiga farautar irinsa, kuma mafi yawan abin da suke tsinta, alhali suna murna sun yi gamo da katar, ba ya wuce darajar da aka rubuta a jikinsa. Dalili kuwa shi ne tagwayen haruffa iri-iri ne, wanda bai san inda kowane ya samo asali ba kuwa ba shi da hujjar da zai rarrabe su.

Shi hatimin da ke buga kuɗi, buga shi ake yi shi ma. Akwai uwar hatimi, ƙarfe mai tauri wanda zanen ya taso a kansa kamar yadda zai fito a kuɗin, ita ake dannawa da ƙarfin inji a kan ɗanyen ƙarfe har zanen ya nutsa a juye. Da yake a wancan zamani danni ɗaya ba ya isar da zanen ga kamala, sai a cire ƙarfen, a gasa shi ya yi taushi, a mayar a sake dannawa; idan kuwa wajen mayarwar aka sami karkata ko da ta kai kaurin gashi, to, zane na biyu zai zauna a gefen na farko, hatimin kuma ya ɗauki wannan nakasa har iyakar rayuwarsa. Almajirin da ya saba da littattafan hannu zai fahimci mas'alar nan da nan: tuntuɓen alƙalamin mai kwafa a nuskha ɗaya yake tsayawa, amma kuskuren da ke cikin asali, duk nuskhar da aka ɗauko daga gare shi sai ta gaje shi harafi da harafi. Kuskuren hatimi na asali ne, shi ya sa ake iya lissafa shi, a ba shi lamba a kundi, a tabbatar da shi ta hanyar gwada wannan kuɗi da wancan. Daga nan darajarsa ta fito.

Kishiyarsa shi ne kuskuren bugu. Hatimin lafiya lau yake, sai dai ɗaurinsa ya yi sako-sako, yayin da ya daki kuɗin zai ɗago sai ya yi tsalle ko ya zame, ya kankare gefen haruffan. Wannan tsohon al'amari ne ƙwarai. Ibn Khaldun ya siffanta a Muƙaddima yadda ake ɗora ƙarfe mai zane a kan dinari ko dirhami a doke shi da guduma, kuma tun dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar a shekara ta 77 bayan hijira, wanda rubutu ne zalla babu sura, ana samun kuɗin da rubutunsu ya hau kan juna saboda hannun maƙeri ya motsa tsakanin duka da duka. Masana ba su ƙara wa irin waɗannan farashi don haka, sau da yawa ma ragewa suke yi, tun da karatun ya yi wuya.

Mai son tahƙiƙi sai ya nemi madubin ƙara girma mai ninka abu sau biyar zuwa goma, ya zauna kusa da fitila guda, ya riƙe kuɗin ta baki yana karkata shi sannu a hankali. Idan kuskuren hatimi ne, zai ga zane na biyu ya taso da kumburinsa kamar na farko, tsayinsu kusan ɗaya, da ɗan kwari a tsakaninsu, ƙafafun haruffa sun tsage gida biyu, harafin kuma ya fi kaurinsa na al'ada. Idan kuwa na bugu ne, zai ga abin a shimfiɗe kamar matakala, ƙasa da harafin, yana ƙyalli irin na sabon yanka, harafin kansa ya sirance domin daga jikinsa aka kankare. A ganina wannan alama ta ƙarshe ita ce mafi amana: ɗaya ƙari yake yi, ɗaya ragi.

Akwai kuma wata bayyina ga kuɗin Amurka na kafin 1990, lokacin da ake buga ɗan harafin da ke nuna gidan bugu, D na Denba ko S na San Faransisko, da hannu a kan hatimi bayan an gama danna shi. Tun da harafin bai halarci danni biyun ba, karkatar da aka samu wajen dannin ba za ta sa shi fitowa biyu ba. Saboda haka idan aka ga shekara da harafin S duk sun tagwaita ta fuska ɗaya, zato mafi rinjaye inji ne ya zame. Da wannan ake gane sahihin santin 1969 mai S mai tagwayen haruffa, wanda farkon ɓullarsa jami'an gwamnati suka ƙwace wasu bisa zaton jabu ne, kafin gaskiya ta bayyana.

Tsufan hatimi ma yana haifar da wata inuwa dishi-dishi a gefen haruffa, ta wajen bakin kuɗin. Santin 1955 masu irin wannan inuwa a kan lambar 5 ta ƙarshe suna da yawa, har ana yi musu laƙabi da rabon talaka, ba su kuwa da wani farashin kirki.

Yawa da ƙaranci su ke yanke hukuncin kasuwa bayan an tabbatar da asali. Santin 1995 mai tagwayen haruffa sahihi ne, amma da yake an same shi da yawa, 'yan daloli kaɗan ke sayensa. Na 1958 kuwa, wanda guda uku kacal aka sani, an sayar da ɗaya fiye da dala miliyan ɗaya a 2023. Inda kuɗi ya kai haka dole maha'inta su taru, shi ya sa mai saye ke auna nauyi, wanda ga santin 1955 giram 3.11 ne, ya nemi 'yan siraran layukan da ke ƙarƙashin harafin T na kalmar CENT a bayan sahihin, ko ya miƙa shi ga kamfanonin tantancewa irin PCGS da NGC. Kada kuma a wanke kuɗin ko a goge shi da toka don ya yi haske, domin wanki yana zubar da darajarsa a idon masu saye. Wanda ya gaji anini ko kwabo mai huji na zamanin Turawa, waɗanda aka buga a Landan da Barmingam, da waɗannan ƙa'idoji zai duba su.

A ƙarshen shekarun 1990 gidajen bugun Amurka suka koma yin hatimi da danni ɗaya tak, lamarin da ya kusan kawar da manyan kurakurai irin na 1955. Duk da haka ba a rabu da su ɗungum ba, domin ƙarfen kan ɗan zame a farkon dannin kafin ya zauna daidai, sai tagwaitakar ta fito ƙarama, galibi a tsakiyar zanen maimakon haruffan gefe, kuma can ne masu neman na zamanin nan ke kafa madubinsu.