Ciwon Dajin Hanji: Abin da Masu Bincike Suka Gano a Ibadan da Ile-Ife

Daga Sabo da ke Mokola zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda kowa ke kira UCH, tafiya ce da ƙafa ma ana iya yin ta. Amma ba kowane mazaunin unguwar ya san cewa a cikin asibitin nan, da aka buɗe a 1957, aka yi ɗaya daga cikin binciken da ke sauya fahimtar likitoci game da ciwon dajin babban hanji da dubura ba.

An daɗe ana ɗaukar wannan cuta ta Turawa ce. Likitan nan Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Yuganda, ya danganta ƙarancinta a Afirka da cimarmu mai yawan dusa da ganye. Yanzu cima ta sauya, zaman birni ya yawaita, likitocin Najeriya kuma suna ta ganin masu cutar.

Yadda take farawa shi ne, ƙwayoyin jiki suna rarrabuwa kullum, kowace kuma sai ta kwafi rubutun halittar da ke cikinta. Kamar mai kwafar littafi ne da malamin da ke bin sa yana gyara kurakurai. Idan malamin ya gaza, kuskure ya taru kan kuskure, har ƙwayar ta ƙi daina hayayyafa. A 1990 Bert Vogelstein da Eric Fearon na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka bayyana cewa abin yana tafiya daki-daki: tsiro ne ɗan ƙarami ke fitowa a bangon hanji, ya yi shekaru kafin ya rikiɗe. Galibi lalacewar wata ƙwayar gado mai suna APC ce ke buɗe ƙofar. Sai dai kusan duk marasa lafiyar da aka gina wannan ilimi a kansu mutanen Turai da Amurka ne.

A nan aikin Farfesa David Irabor, likitan tiyata a UCH, ya shigo. A 2017 shi da abokan aikinsa sun wallafa binciken tsokar da aka cire wa marasa lafiya a Ibadan, suka nuna cewa gazawar mai gyaran kuskuren nan, wadda likitoci ke kira MSI, ta yawaita a wurinmu. A 2021 Farfesa Olusegun Alatise na Ile-Ife, tare da Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering a Amurka, suka ƙarfafa zancen a mujallar Nature Communications. Sun sami MSI a wajen kashi 28 cikin ɗari na 'yan Najeriyar da suka gwada, ninki biyu na abin da aka saba gani a Amurka. Lalacewar APC kuwa, a cikin waɗanda ba su da MSI, kusan rabin abin da ake gani a can ce kawai. Marasa lafiyarmu sun fi ƙarancin shekaru, ciwon ya fi kama dubura, yawancinsu kuma sai abu ya yi nisa suke zuwa.

Wannan ba lissafin masana ba ne kawai. Ciwon da ke da MSI yakan ji maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab, wanda Amurka ta amince da shi don irin wannan ciwo a 2017. Tsadarsa dai ta fi ƙarfin talaka, kuma a ganina nan ne gwamnati ta gaza. Sannan wani kaso na MSI gadonsa ake yi, shi ake kira ciwon Lynch, don haka gwajin mutum ɗaya na iya ceton 'ya'yansa da ƙannensa.

Matsalarmu ta kusa ita ce basir. Duk jinin da aka gani a bayan gida sai a ce basir ne, a nufi mai saiwa da sassaƙe, kunya kuma ta hana a faɗa wa kowa. Wata na bin wata, mutum na ramewa.

Idan ka ga jini a bahaya, ko gudawa da taurin ciki suna musanya na makonni, ko rama ba dalili, ka je asibiti ka nemi a leƙa hanjinka da na'ura, ko da ba ka kai shekara 50 ba. Idan kuma wani a gidanku ya taɓa yin cutar, ka gaya wa likita tun a zaman farko.