Gidan gado a Sakkwato: Me doka ta ce kan gidan da ba shi da takarda?

A tsoffin unguwannin Sakkwato irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke, gidaje da dama sun gangaro daga kaka zuwa jika ba tare da takarda ba. Hujjarsu ita ce shaidar maƙwabta da sanin mai unguwa.

Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, shugabanni ne ke yanka wa mutane fili, gidan da aka gina kuma a gaje shi bisa fiƙihun Malikiyya. Turawa sun ci birnin a 1903, dokarsu ta 1910 kuma ta sanya filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta bi wannan sawu, ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha.

Sai dai dokar ba ta ƙwace gidajen gado ba. Sashe na 34 ya ɗauki wanda ke da gini a birni kafin 1978 tamkar mai riƙe da izinin gwamna, ko da babu takarda.

Matsalar takan taso ne wajen sayarwa, domin dokar ta shardanta amincewar gwamna kafin gida ya sauya hannu. Idan kuma ba a raba gado ba, magaji ɗaya ba shi da hurumin sayar da rabon ’yan uwansa. Mata da marayu ne suka fi cutuwa a irin wannan ciniki, shi kuwa mai saye, rigima ya saya da kuɗinsa.