Ƙawancen 'yan daudu a Agege: labarin da kyamara ba ta kai gare shi ba

A Agege ta jihar Legas akwai mahaɗar da har yau ake kira Pen Cinema, duk da cewa gidan siniman da ya ba ta sunan ya daɗe da shuɗewa, kuma gadar sama da aka buɗe a watan Maris na 2021 ita ce ta gaji sunan. Hausawa sun kafu a wannan yanki tun zamanin fataucin goro, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano ya ƙara yawansu, har suka yi zango da sarkinsu. Cikin mutanen da ci-rani ya kawo irin waɗannan unguwanni akwai 'yan daudu, maza masu ɗabi'a da salon maganar mata, waɗanda aka fi sani da sana'ar abinci a tashoshin mota da bakin kasuwa. Kowa ya san da zamansu, an kuma sha ganin ana kwaikwayonsu a fim. Abin da ba a cika gani ba shi ne fim ɗin da ya ɗauki zumuncin da ke tsakaninsu da muhimmanci.

Wannan zumunci yana da tsari da sunaye. Masanin harshe ɗan Amurka Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma wallafa littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna yadda suke kiran juna ƙawa, yadda babba ke zama uwar ɗaki ga ƙarami, ta koya masa girki da ciniki, ta ba shi wurin kwana idan dangi sun juya masa baya. Bayan da jihohin Arewa suka soma aiwatar da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, wasunsu sun bar garuruwansu zuwa wuraren da matsin bai kai haka ba. A baƙon gari, wanda ba shi da dangi ƙawarsa ce danginsa: ita ke jinyarsa, ita ke nemo belinsa, ita ke aika saƙo gida idan ta Allah ta kasance.

Daudu al'ada ce mai nata tarihi, kuma ta bambanta da abin da Turawa ke nufi da sauya jinsi. Da yawa daga 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, suna kuma ɗaukar kansu maza. Duk da haka, fim ɗin da ya fi kusa da irin labarinsu daga Amurka ya fito. Sunansa Tangerine, Sean Baker ne ya ba da umarni, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a 2015. An ɗauke shi da wayoyin iPhone 5s guda 3, a kan kuɗin da bai wuce kimanin dala 100,000 ba. Labarin yini guda ne a titunan Los Angeles, jajibirin Kirsimeti, tsakanin ƙawaye biyu da suka sauya jinsi, Sin-Dee da Alexandra, masu neman na abinci a kan titi. Sun yi faɗa, asiri ya tonu, amana ta karye. A ƙarshe, bayan wasu 'yan iska sun watsa wa Sin-Dee ƙazanta daga mota, Alexandra ta kai ta shagon wanki, ta cire gashin kantin da ke kanta ta ba ta. Waɗanda suka fito a matsayin ƙawayen, Kitana Kiki Rodriguez da Mya Taylor, 'yan yankin ne da ba su taɓa yin babban fim ba, kuma daga bakinsu aka samo ƙashin labarin. Bayan shekara goma Baker ya lashe kyaututtukan Oscar da fim ɗinsa Anora.

Darasin da masu shirya fim suka ɗauka daga nan shi ne tsadar kayan aiki ta daina zama hujja. Wayar da ke aljihun mai sayar da tsire a Agege yau tana iya fin wadda aka yi Tangerine da ita ƙarfin kyamara. Abin da ya rage a gaban mai son yin irin wannan fim a Najeriya shi ne doka.

A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyarsu, ko ya bayyana soyayyar jinsi a bainar jama'a, kai tsaye ko a kaikaice. Dokar ba ta ambaci shigar mata ba, shi ya sa a 2022 ɗan majalisar wakilai Umar Muda Lawal daga Bauchi ya gabatar da ƙudurin da zai sa ta zama laifi, mai hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000. Ta fuskar tacewa kuwa, tsarin mulki ya sa tace fina-finai cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke da iko a kai tare. Don haka akwai hukumar tarayya ta NFVCB da aka kafa a 1993, akwai ta jihar Legas, akwai ta Kano wadda a 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana fina-finan da ke nuna daudu da daba.

Kafin wannan hani, matsayin ɗan daudu a Kannywood na barkwanci ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fim mai suna Ibro Ɗan Daudu, jama'a suka yi dariyar rangwaɗa da tafa hannu da habaici. Mai kallo ya saba da ɗan daudu a matsayin abin dariya ko abin wa'azi. Bai taɓa zama da shi a ɗakin haya ba, ranar da ciniki ya ƙi, ko daren da ƙawarsa ke kwance ba lafiya.

A ɓangaren Kudu an sami masu gwadawa. A 2020 Pamela Adie ta shirya Ìfé, Uyaiedu Ikpe-Etim ta ba da umarni, labarin soyayyar mata biyu a Legas. Shugaban NFVCB na lokacin, Adedayo Thomas, ya yi gargaɗin cewa hukumar ba za ta amince da fim ɗin da ya saɓa wa doka ba, sai masu fim ɗin suka sake shi ta intanet. A 2023 Babatunde Apalowo ya ci kyautar Teddy a bikin Berlin na Jamus da All the Colours of the World Are Between Black and White, labarin Bambino mai kai saƙo a babur da Bawa mai sha'awar ɗaukar hoto, waɗanda abota ta kai su inda suke tsoron furtawa. Hanyar fina-finan biyu iri ɗaya ce: ƙaramin jari, bukukuwan ƙasashen waje, sai intanet. Sinimomin gida ba su cikin lissafi.

Nan ne batun ya shafi masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara. Hanin hukumar tacewa yana aiki a sinima da kasuwa, amma da wuya ya tsayar da abin da aka ɗora a YouTube. Fim ɗin zai fito, sai dai ya fito ba tare da rarrabe shekarun masu kallo ba, ba tare da yarjejeniyar da ke kare 'yan wasa ba. Haɗarin kuma ba ya rabuwa daidai. Daraktan da ya sami kyauta yana iya samun biza ya tafi. Mai sayar da shinkafa da wake da ta yarda aka ɗauki fuskarsa zai koma rumfarsa washegari, cikin maƙwabtan da suka ga bidiyon.

Mafi yawan 'yan Najeriya, Musulmi da Kirista, suna da matsayar addini a kan wannan al'amari, kuma fim ba zai goge ta ba. Tambayar da ke gaban Ma'aikatar Al'adu da hukumomin tacewa ta fi wannan ƙanƙanta: shin nuna rayuwar mutum daidai yake da tallata ta? Hukumomin sun daɗe suna amincewa da fina-finan 'yan fashi da masu garkuwa da mutane ba tare da an ce suna koyar da fashi ba. Muddin ba a fayyace inda layin yake a rubuce ba, marubucin da ya san zaman Agege zai ajiye alƙalaminsa, labarin kuma ya faɗa hannun baƙon da bai san bambancin ƙawa da uwar ɗaki ba.