Tsawon Harafi da Girman Mazubi: Tantance Baƙin Bayanai a Manhajar Git

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa manhajar adana sauye-sauyen rubutu ba ta amincewa da bayanin da ya zo mata daga waje sai ta auna shi. An ɗauki Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, a matsayin misali. Lamarin ya shafi masana harshe, domin da ita ake adana taskar CLDR ta ƙungiyar Unicode, wadda ta ƙunshi bayanan Hausa da Tyap da Jju.

2.0 Harafi da Bayit

Mazubi shi ne gurbin da manhaja ke keɓewa a ƙwaƙwalwar kwamfuta don zuba bayanai, kuma da bayit ake auna shi. A tsarin UTF-8, harafin k bayit 1 ne, amma ƙ bayit 2 ne. Saboda haka kalmar ƙasa haruffa 4 ce, bayit 5. A Tyap kuwa, a̱ mai layi a ƙasa bayit 3 ne, don haka kalmar A̱tyap ta kai bayit 7. Manhajar da ta ƙirga haruffa a maimakon bayit za ta tanadi mazubin da ya gaza. Rarar sai ta malala zuwa gurbin da ba nata ba, kuma ta wannan kafa mugu kan cusa umarninsa.

3.0 Darasi Daga Git

A Janairun 2023 aka sanar da wata ɓaraka a yadda Git ke karanta fayil ɗin .gitattributes, inda lissafin tsawo kan zarce iyakar adadin da aka tanada. Gyaran da ya zo a siga ta 2.39.1 ya ƙayyade layi ga bayit 2048, fayil kuma ga megabayit 100. Ƙa'idar ita ce a fara sanin ainihin girman mazubi, a gwada duk tsawon da baƙon bayani ya ambata da wannan girma, sannan a yi watsi da wanda ya zarce.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata manazarcin da ke tattara kalmomi a Kujama ko Kafanchan ya riƙa sabunta Git ɗinsa, ya kuma kunna transfer.fsckObjects, wanda ke binciken duk abin da aka sauko da shi kafin a karɓa.