Iyakar da ido ba ya gani: abin da ke raba wa tsuntsayen duwatsu mazauni

A Dutsen Karimui da ke ƙasar Papua New Guinea akwai wasu ƙananan tsuntsaye iri biyu, 'yan dangi ɗaya, masu kiwo a ƙarƙashin bishiyoyi. Ɗaya yana zaune daga ƙasa zuwa tsayin mita 1,643, ɗayan kuma daga nan zuwa sama. Masanin halittu Jared Diamond, wanda ya auna wannan iyaka a shekarun 1960, bai tarar da kogi ko kwazazzabo a wurin ba. Dajin ɗaya ne, abincin kusan ɗaya ne, amma kowanne ya tsaya a nasa ɓangaren.

Masana sun daɗe suna saɓani a kan dalilin haka. A 1967 Daniel Janzen ya ɗora alhakin a kan yanayi. A ƙasashe masu zafi, in ji shi, ɗumi ba ya sauyawa sosai daga wata zuwa wata, alhali duk hawan mita 1,000 yana rage shi da kusan digiri shida. Don haka kowane mataki na dutse yana da yanayinsa da ba ya gushewa, halittar da ta saba da shi kuma ba ta jure wa na sama ko na ƙasa. Wasu suka ce a'a, maƙwabci ne ke tare hanya.

Hujjar masu wannan ra'ayi na biyu ta fito daga Peru. A 1975 John Terborgh da John Weske sun kwatanta tsuntsayen tsaunukan Andes da na tsaunin Sira, wanda ke ware shi kaɗai, kuma yawancin tsuntsayen can ƙoli ba su kai gare shi ba. A Sira, tsuntsayen ƙasa da yawa sun haura sun mamaye gurbin da babu kowa. Ashe sanyin bai fi ƙarfinsu ba. Mai wuri ne ba ya nan.

A 2022 mujallar Science ta wallafa binciken Benjamin Freeman da abokan aikinsa, waɗanda suka tace jerin bayanai miliyan 4.4 da masu sha'awar kallon tsuntsaye suka tura wa manhajar eBird, daga yankunan duwatsu 31 na duniya. Sun gano cewa inda ire-iren tsuntsaye suka fi yawa, a nan mazaunin kowanne ya fi ƙunci, kuma wannan ya fi bambancin yanayi bayyana lamarin.

Yadda ake tsaron iyakar ma an gwada shi. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, masu bincike kuwa a Costa Rica da New Guinea sun kunna wa tsuntsu kukan gidan wani ta lasifika. Sau da yawa na ƙasa ne ke taso wa lasifikar da faɗa, na sama kuma ba ya ramawa.

A nan haɗarin yake. Idan duniya ta ƙara ɗumama, na ƙasa mai zafin kai yana samun damar haurawa, na sama ya ja da baya, har dutsen ya ƙare masa. A tsaunin Pantiacolla na Peru, ire-ire 16 da aka samu a ƙoli kaɗai a 1985, takwas daga cikinsu ba a same su ba da aka koma a 2017.

Nijeriya na da irin waɗannan duwatsu a kan iyakarta da Kamaru: tsaunin Mambilla, da Obudu, da Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 a gandun dajin Gashaka-Gumti. Dazuzzukan samansu, irin su Ngel Nyaki a Taraba, sun zama 'yan tsibirai a tsakiyar ciyayi, gobarar daji da kiwo suna cinye gefensu. Ga mai tsara manufa a Abuja, killace ƙolin dutse kawai a bar gangarensa ga gatari gurguwar dabara ce, domin tsuntsun da zai ƙaura yana bukatar daji a haɗe daga gindi zuwa sama. Kuma ba za a san wanda ya matsa ba sai an san inda yake a yau. Wannan ƙidaya ce cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos ta sa a gaba tun 2015, da 'yan sa-kai daga jihohi daban-daban, a shirinta na zana taswirar tsuntsayen Nijeriya.